Hajiya Mero da Tsarabar Makka

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da hantsin ranar Talata, ashirin da ɗaya ga Shawwal, Allah Ya karɓi ran aminiyata Hajiya Mero mai alkaki, ta unguwar Koki, bayan jinyar da ba ta kai mako ba. Mero, har yau ban saba da cewa "marigayiya" ba.

Kowa a Koki ya ci alkakinki. Amaryar da iyayenta ba su da hali, ke kike cika mata fanteka, ki aika a ɓoye, ki ce kada a faɗi daga inda ya fito. Na sha yi miki faɗa a kan haka, ki yi dariya ki ce bakina ya fi tukunyarki zafi. Zaman tuya ne ya cinye miki gwiwoyi, ga gyambon ciki da kika yi shekaru kina lallaɓawa.

Kin san dokarki sarai. Likita ya ce farasitamol kaɗai, da man shafawa, ban da asfirin da ibufurofen da danginsu, domin suna ƙwaƙule gyambon har ya yi jini. Ke ce ma mai tare mata a gidan biki idan kin ga ana rabon ƙwaya daga jaka, ki tambayi wa ke da olsa a cikinsu. Ni kaina kin taɓa fizge wata daga hannuna.

Sai ga surukinki Bashir, mijin 'yarki Bahijja, wanda kike kira Baban Umair, ya dawo daga Umara. Ya ga yadda kike sallah a zaune, abin ya tsaya masa a rai, ya sayo miki maganin ciwon gwiwa a can, ya haɗa da dabino da zamzam. Bai san da gyambon ba, domin ba a zancen ciwon ciki da suruki. Ya durƙusa ya miƙa, kika sa albarka. Kullum ya zo gaisuwa sai ya tambaya ko ana samun sauƙi, ke kuma kunya ta hana ki ce masa ba ki sha. Ƙarya kuwa ba ki iya ta ba, sai kika fara sha, da sahur, kina azumin Sitta Shawwal.

Ina jin haushinki, Mero, ba zan ɓoye ba. Kika ga bayan gidanki ya koma baƙi, jiri yana ɗibarki, kika yi shiru. Sai da kika yi aman jini a tsakar gida sannan muka sani. A asibiti aka karanta kwalin, aka ce dangin waɗancan ne da aka hana ki.

Tun ranar jana'iza Bashir bai tako gidan ba. Yana zama a masallacin layi, ya rame, ba ya haɗa ido da kowa. Bahijja kuma ta ce ba za ta koma ɗakinta ba. To ku saurara, ku biyun, domin ni ce a bakin gadon Mero. Ta kama hannuna, ta kira sunana ta ce, "Uwa, kada kowa ya ɗora wa Baban Umair laifi. Ki ce masa gwiwar ta yi sauƙi, har na yi sujada."

Na isar da saƙon, Mero. Bahijja, uwarki ta gwammace ciwo da ta kunyata mijinki, kada ki rushe abin da ta tsare.

Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanta da jikokinta da jama'ar Koki baki ɗaya. Allah Ya jiƙanki, Ya sa jinyar ta zama kaffara, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya sanyaya zuciyar Bashir, Ya ba shi ikon shiga gidan nan ya karɓi gaisuwa tare da mu, domin shi ma uwa ya rasa.