Bin Sawun Kofin Baba Zuwa Kahu

RANO

Ana idar da sallar Asuba na hau keke na fita daga gari. Neman kofin Baba ne ya tashe ni. Marigayi babanmu, Malam Sule, ya fito a wani majigi na noman gyaɗa da aka yi ta haskawa ƙauye-ƙauye, har aka kira shi Kaduna aka ba shi kofin azurfa da sunansa a jiki. Ƙanwarsa, Goggo Ladi, ta ara don jeren 'yarta a Kahu, kofin bai dawo ba har Baba ya rasu. Sai ga labari wai wani dillali daga Kano yana bin gidaje yana sayen kayan 'yan majigi, yana kai wa wani Bature mai tara su.

Inna ta ce, "Audu, ko hotonsa ba ni da shi. Ka dawo mini da kofin nan."

KIBIYA

Da hantsi na iso. Damina ce, hanya duk taɓo, sarƙar keken ta tsinke a bakin kasuwa. Na kai wa mai gyara, na sayi ƙosai.

"Kahu za ka?" in ji shi. "Jiya wani Alhaji mai jar dara ya wuce, shi ma kofi yake tambaya."

Na bar masa keken da sauran ƙosan, na kama hanya a ƙasa. A gaba na tarar rafi ya kawo. Wani Bafulatani zai haye da shanunsa, ya ce, "Kama wutsiyar bijimin nan, kada ka saki." Haka na ƙetare, ruwa iya ƙirji.

KAHU

La'asar sakaliya na yi sallama a gidan 'yar Goggo. Ga dillalin a zaure, ga kofin a kan tabarma, surukin Goggo yana ta washe baki.

Dillalin ya ce, "Samari, a gilashi za a sa shi a Ingila, duniya ta gani."

Na ce, "Alhaji, matar mai kofin ma tana son gani."

Ashe Goggo tana gidan, ta ji muryata ta leƙo. Ta dubi rigata tana ɗigar ruwa, ta sunkuya ta ɗauke kofin, ta naɗe a mayafinta ta miƙo mini.

"Aronsa na yi," ta ce. "Ba nawa ba ne, balle na surukina."

Nan na kwana, aka yi mini tuwon dawa da miyar kuka.

GIDA

Washegari na karɓi kekena a Kibiya, na shiga Rano ana kiran Magariba. Inna ba ta karatun boko. Ta juya kofin, ta sake juyawa, ta ce, "Nuna mini inda sunansa yake."

Na kama yatsanta na ɗora a wurin. Ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Bafulatanin nan kuwa, da ban ko tambayi sunansa ba, Allah ya yi wa garkensa albarka.