Dossou Ba Ya Aiki a Gaban Mai Mota

Shekara goma sha bakwai ke nan Dossou yana bakin titin Akpakpa a Kwatano, yana gyaran fitilun motocin da rana da iskar teku suka mayar ruwan ɗorawa. Dokarsa ɗaya ce: mai mota ya tafi rumfar Houefa, matar Dossou, ya ci wake da gari, kada ya tsaya masa a ka.

Dalili kuwa, gugar farko da sanfefa mai kaushi takan mayar da fitila fara fat kamar koko. Sai an bi ta da masu laushi ana yayyafa ruwa, an fesa man da ke kare ta daga rana, sannan take haske.

Ran nan wani direban tasi, Senan, ya leƙo da cokali a hannu.

"Wayyo, tsoho, ka makantar mini da mota!"

"Da can gani take yi? Koma ka ƙarasa wakenka."

Da aka gama, Senan ya duƙa, ya ga fuskarsa tar a jikin fitilar, har da manja a gemu.

Dossou ya miƙa masa tsumma yana dariya. "Wannan kam kai za ka goge."