Ranar da Aka Ɗura wa Kwamfuta Ruwa

Azumin ya faɗo ne a tsakiyar bazara, lokacin da ko randa sai an lulluɓa mata jiƙaƙƙen buhu kafin ruwanta ya shawu. Ɗana na fari yana sana'ar haɗa bidiyon biki a ɗakin zaure, da wata babbar kwamfuta irin ta kan tebur. Da rana ta take sai ta kama huci kamar injin markaɗe, can ta mutu, aikin da ya yi tun safe ya lalace. Wani abokinsa mai shago a Kano ya daɗe yana kiransa, wai ya kwaso kayansa ya koma can, akwai na'urar sanyaya ɗaki, akwai wurin kwana. Ya gaya wa babansa cewa saura dabara ɗaya zai gwada. In ba ta yi ba, zai tafi.

Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kamawa ba, balle in buɗe baki in ce kada ka tafi.

Dabarar kuwa ruwa ce. Ranar da kwalin ya iso daga Kano, babansa ya tafi duba gona a Kausani, ƙannensa suna makaranta. Na zuba gero a turmi na bar shi. Na ɗauki tsintsiya, na share ƙofar zauren da na riga na share da safe. Daga nan nake hango shi a durƙushe, ya buɗe cikin kwamfutar, ya baje robobin ruwa, da ɗan famfo da bai fi ƙwan kaza ba, da wani abu mai kama da lagireton mota, da gorar tataccen ruwan nan da ake ƙara wa batir.

Na kasa haƙuri. "Kai, ruwa a cikin kayan wuta? Tun kana rarrafe nake hana ka taɓa soket da jiƙaƙƙen hannu."

"Umma, kamar mota ce. Ruwan zai riƙa zagayawa yana ɗebo zafin, fanka tana huce shi."

"Motar ma ai na sha ganinta tana tafasa a kan gada."

Ya yi dariya bai ɗago ba. Ya ce in samo masa farin ƙyalle ya shimfiɗa a ƙarƙashin mahaɗar robobin, ko ɗigo ɗaya ya zuba a gani. Na yago masa tsohon mayafina. Na koma wajen turmi, na dawo. Na leƙa tukunya, na sake dawowa.

Bayan azahar ya ɗura ruwan, ya kunna famfon shi kaɗai. Sai abin ya kama ƙara kamar an sa tsakuwa a gwangwani, ruwan kuma ya tsaya cak a rabin roba. Ya kashe da sauri. Iska ce ta maƙale, in ji shi, kuma in famfon ya ci gaba da juyawa a bushe ƙonewa zai yi. Ya karkata akwatin dama, ya karkata hagu, ya ɗan bubbuga. Ba ta fita ba. A unguwarmu kuma da la'asar ake ɗauke wuta, wani lokacin sai gobe, ga masu bikin da safe za su zo karɓar aikinsu.

Ya ɗauki bakin robar ya kai kusa da leɓensa, yadda suke zuƙo fetur daga tankin janareta, sai ya tsaya. Ya tuna yana azumi. Ya ajiye, ya zauna dirshan, ya jawo wayarsa yana juya ta a hannu. Na san wanda zai kira.

Ni kuwa ranar ina fashin sallah. Kamar kowace uwa, na tashi sahur tare da su, na wuni ban bari wani ya ga ko kofi a hannuna ba. Shekara da shekaru haka muke yi, ba wanda ya taɓa ganewa.

Na ce, "Miƙo nan."

"Umma, azuminki fa? In ya wuce miki…"

"Kai dai riƙe akwatin."

Ya dube ni, sai kuma ya sunkuyar da kai har kunnuwansa kamar za su taɓa gwiwa. Na ji kunya ta rufe ni tun daga ƙafa. Na yi bisimilla a zuci, na zuƙa. Ruwan ya taho da ɗumi da warin sabuwar roba, ya cika min baki, na juya na tofar a kwano. Ya toshe robar, ya kunna. Famfon ya ɗan yi tari, ƙananan kumfa suka bi layi suka haye sama, sai shiru. Ruwa na ta zagayawa, ƙyallen a bushe.

Ban tsaya ba, na shige cikin gida. Da ya haɗa komai ya tayar da kwamfutar, ba ta ƙara mutuwa ba har aka ɗauke wuta, kuma kafin nan ya gama aikin.

Dab da magariba ina dama kunu na jiyo shi a soro yana waya da abokin nan nasa na Kano. "A'a, ba wa wani wurin kawai. Ina nan tukuna. Sai dai bayan sallah mu ga yadda za ta yi."

Bayan sallah. Na ci gaba da damu, ina jin kalmar tana yi min yawo a ƙirji. Da aka kira sallah na aika ƙanwarsa ta kai masa kunun, don ranar dai ban iya haɗa ido da shi ba.