Ayoyo a Filin Bature

Da aka kore ni daga makaranta a aji uku, don na kwaikwayi tafiyar hedimasta a bayansa, sai na samu aikin yankan ciyawa a gidan wani Bature a nan Tamale. Ciyawar ma baƙuwa ce, daga Kumasi aka kawo ta aka dasa. Ba a cin ta, akuya ma an hana ta, amma kullum ana ɗawainiya da ita kamar mai jego.

Doka ɗaya ce: duk abin da ya tsiro da kansa, a tuge. To, da ruwa ya sauka na ga ayoyo ya fito a bayan furanni, sai hannuna ya ƙi. Wa ke sare miya? Na riƙa kewaye shi da langalanga, na gaya wa Gwaggona ta unguwar Aboabo, wadda ta raine ni, ta zo ta tsinka.

Tana duƙe, bakin zaninta ya kusa cika, sai ga mai gadi, wani tsohon soja mai kunne ɗaya da rabi.

"Ke tsohuwa! Gonar ubanki ce?"

"Ɗana, ganye ne fa. Allah ne ya shuka."

Bai bari ta miƙe ba. Ya zuba mata dorina a baya, ya ƙara, ya tattake ganyen da takalminsa. Na ce, "Baba Soja, Jamus ta gagare ka, sai Gwaggo?" Yana juyowa na ɗirka masa bayan langalanga a baki. Haƙora biyu suka faɗo. Kuku da boyi suka danne ni, shi kuwa ya yi ta jibgata har jini ya rufe min ido. Bature yana baranda. Abin da ya ce kawai, a ja ni gefe kar in ɓata ciyawa.

Aiki ya tafi. Gwaggo ta yi kwana bakwai tana kwanciya rubda ciki, miyar kuka muke sha.

Da na warke, na cika aljihu da ƙarangiya, na bi bakin shingen gidan Baturen ina fito ina watsawa ciki.

Damina na zagayowa na biyo ta wurin. Filin ya cika da ƙaya, ga Baba Soja a durƙushe cikin rana, an sa shi tugewa da hannu, yatsu duk jini.

Na leƙa na ce, "Sannu Baba Soja. Allah ne ya shuka!"

Dutsen da ya jefo, ga tabonsa nan a ƙeyata.