Salansar Motar Gaiya

Ni mai walda ne a Fadikpe, sunana Alhassan. Aikin reluwe ne ya kawo kakana Minna, ya bar mana gadon guduma da son ƙarfe, ni kuma na ƙara da injin walda da gajen haƙuri. Na fi shekara ashirin ina ƙona ido a bakin titi, na ga direbobi iri-iri, amma ban taɓa haɗuwa da wanda ya addabe ni a kan salansa kamar maƙwabcina Gaiya ba.

Gaiya mutumin kudancin Kaduna ne, dogo, siriri, mai yin magana ƙasa-ƙasa ko da a tsakiyar kasuwa yake. Matarsa Elizabet, wadda duk layinmu ke kira Maman Shekinah, tana sayar da doya da manja a ƙofar gida. Shekara goma sha tara ya yi yana tuƙa baƙi masu yawon buɗe ido a wani gandun daji da ke can yammacin jiharmu. Wani masaukin baƙi ne a bakin dajin ya ɗauke shi aiki. Motar aikin tsohuwar jif ce, buɗaɗɗiya ta baya, da layin kujeru uku hawa-hawa da rumfar tampol, yadda baƙo zai miƙe da kamararsa ya hango nesa.

Salansarta kuwa biyu ce aka haɗe, kuma ni na haɗa su da hannuna. Duk lokacin da ya zo hutu Minna, kafin ya ci tuwon gidansa sai ya fara tsayawa a wurina.

“Malam Alhassan, motan nan yana tari,” zai ce.

In kasa kunne, ban ji komai ba. Sai ya kwanta a ƙasa, ya nuna mini wata 'yar huda da ko tsinken ashana ba zai shiga ba. In na yi tsaki sai ya ce ni ban ji ba, amma gwanki zai ji. Ya sha faɗa mini cewa duk dajin babu dabba mai tsoro irin gwanki, wannan ƙaton mai ƙaho lanƙwasasshe. Ƙarar babur daga nesa ta isa ta watsa garke. Amma shi ya samo dabara. Akwai wata fadama da yake zuba musu kanwa duk mako, a mota ɗaya, da murya ɗaya, ba ya sauri, ba ya taɓa ham. A hankali garken ya gane cewa wannan gurnanin kanwa yake kawowa, babu abin da ke biyo bayansa sai ƙyas-ƙyas na kamara. Har ta kai yana tsayawa taku talatin daga gare su, suna lasar ƙasa suna kallonsa.

Gaskiya ni abin dariya yake ba ni a lokacin. Mutum ya taso daga wata duniya, ya ƙona mai, don kawai ya kalli nama yana tafiya da ƙafarsa. Mu nan in muka ga gada, tukunya muke tunawa.

Dajin bai mutu rana ɗaya ba. Hanya ce ta fara lalacewa, tafiyar awa huɗu ta koma ta yini. Shanu suka cika gefen gandun, mafarauta suka bi sawunsu. Sai masu bindiga suka samu wurin ɓuya a ciki. Turawa suka ɗauke ƙafa, 'yan Abuja masu zuwa hutun ƙarshen mako suka bi su, daga ƙarshe har 'yan makaranta aka daina kawowa. Mai masaukin ya rufe ƙofa ya yi gwanjon kaya. Abokan aikin Gaiya masu hankali suka sayi firiji da katifu. Shi kuwa ya zuba kuɗin sallamarsa a kan jif ɗin, ya tuƙo ta har Fadikpe ya ajiye a gindin mangwaro.

Daga nan zama ya gagare shi. Ban taɓa ganin mutumin da kujera ta ƙi kamarsa ba. Gari na wayewa ya wanke motar da ba ta je ko'ina ba, ya tayar da ita, ya tsaya ya karkata kai yana sauraro. Ya kashe. Ya taka har bakin kogin Chanchaga yana duba sawu a cikin laka, ya dawo ya ba ni rahoto: awaki bakwai, kare ɗaya mai ɗingishi, da wani guza. Ya zauna a bencina, kafin in gama like ƙafar tebur ɗaya ya miƙe sau uku. In waya ta yi ƙara, ko ta wa ce, sai ya shafa aljihunsa.

An taɓa samo masa aikin tuƙa bas tsakanin Minna da Paiko. Kwana tara ya yi. Ran nan ya ɗauko mata 'yan kasuwa, kowa na sauri, sai ya hango burtu biyu suna kiwo a gefen wata gona. Bai san lokacin da ya gangara ya kashe inji ba. Ya juyo ya ɗora yatsa a baki, ya raɗa musu cewa su duba hannun hagu a hankali, kada kowa ya yi motsi. Matan suka ɗauka ɓarayi ne suka tare hanya. Wata ta fara salati, wata ta kira Yesu, wata ta fita ta taga da zani a hannu. Da suka gane tsuntsu ake nuna musu, saura kaɗan su cinye shi ɗanye. Mai bas ya karɓi makullinsa a ranar.

Maman Shekinah ba mai yawan magana ba ce, amma ta gaji. Ta same ni har rumfa.

“Malam, ka yi wa abokinka magana. Ko ya sayar da motan, ko ka yanke kujerun nan ya riƙa ɗauko mana doya daga Paiko. Shekara huɗu ke nan kaji ne kawai suke hawa.”

Na yi masa magana, na ma yi da zafi. Ya ce za a buɗe dajin. Na ce yaushe? Ya ce ya ji ana maganar a rediyo. Ya miƙe ya tafi duba taya.

Ana haka sai ga Eric. Ranar wata Laraba ce da hantsi, Gaiya ya kawo motar wurina a kan wata hudar da shi kaɗai yake ji. Wani mutum mai ƙiba da sarƙa a wuya ya sauko daga babur, ya zagaya jif ɗin, ya ce ya daɗe yana neman mai ita. Ya ce sunansa Eric, yana da mutane a ƙauyukan bakin gandun, kuma yana so ya fara shiga da baƙi ta can gefen da ya lafa. Ina ƙarƙashin mota da gilashin walda a fuska, fuskarsa ta yi mini kama da wadda na sani, amma ban tuna daga ina ba.

Abin da ya ba ni mamaki, bai duba taya ba, bai buɗe inji ba, kujerun ma ko kallo ba su ishe shi ba. Cewa ya yi a tayar. Ya tsaya yana sauraro.

“Oga Gaiya, wannan ne salansan da naman suka sani? Ba a canza shi ba?”

“Ko ƙusa ɗaya,” in ji Gaiya, yana washe baki.

“An ce har kusa suke zuwa. A ina ne ma kake zuba musu kanwan?”

Ka tuna shekara huɗu babu wanda ya tambayi Gaiya komai game da daji sai don ya yi masa dariya, ni ne ma kan gaba. Ya durƙusa, ya ɗauki guntun sandar walda, ya fara zane a ƙasa. Ga rafi, ga tsohuwar gada ta katako, ga kuka biyu, ga fadama. Ya faɗi lokacin da suke saukowa, da gefen da iska ke kaɗawa, da giyar da ake shiga da ita. Ya faɗi yadda babban namijin, mai karyayyen ƙaho ɗaya, yake fara fitowa shi kaɗai kafin sauran su biyo. Eric ya ciro waya ya ɗauki hoton zanen, ya yi wa motar tayin da ya fi ƙarfinta, ya ce zai dawo ranar Asabar.

Sai da ƙurar babur ɗinsa ta kwanta na tuna. Bara ne ya kawo mini aikin ƙafafun wani babban allo da wayar gashi mai faɗin ƙofa. Ni na kai masa har gidan shaƙatawarsa a hanyar Chanchaga. A jikin allon an zana kan barewa, a bayan gidan kuma firiza uku ne a jere. Raina ya ɓaci, kuma da kaina na fi jin haushi, da na kwanta ina ji ban tuna ba.

Na faɗa wa Gaiya ba tare da kwana-kwana ba. Na ce mutumin nan farfesun naman daji yake sayarwa, baƙin da zai shiga da su bindiga suke ratayawa. Ya tsaya yana kallon zanen da ya yi. Ya sa ƙafa ya goge shi, ya yi ta gogewa har ya yi rami, alhali hoton ya riga ya tafi a aljihun wani.

“Wurin ya sani yanzu,” ya ce. “Amma da babur ba zai same su ba. Da ƙafa ma ba zai same su ba. Sai da motan.”

Na ce to shi ke nan, kada ya sayar. Na kuma ƙara da cewa wa ya sani ma ko garken na nan, ko sun manta da shi da motarsa. Ya yi mini wani irin kallo, ya hau motarsa ya tafi.

Alhamis da Juma'a bai zauna ba ko na minti ɗaya. Ya je Chanchaga ya dawo, ya sake komawa. Ya zagaya mangwaron nan har ya yi masa hanya. Eric ya yi ta kira yana ƙara tayi, har ya kawo shawarar haya in sayarwar ce ba ya so. Maman Shekinah ta ji komai, ba ta ce ya sayar ba, ba ta ce kada ya sayar ba. Ta dai ajiye masa abinci, ya huce, ta ɗauke. Na san rufin ɗakinsu yana yoyo, na san shi ma ya sani.

Asabar da sassafe, ban gama buɗe rumfa ba na ji gurnanin nan a bayana, a hankali kamar kyanwa ta ƙoshi. Ya sauko, idonsa ja.

“Malam Alhassan, yanke kujerun. Ka yi masa bodin doya.”

Na ce madalla, na jawo injin yanka.

“Da salansan. Ka cire duka biyu, ka yayyanka. Ka sa guntun bututu kawai.”

Na ajiye injin. Na ce wannan kuma hauka ne, doya ba ta hana mota yin shiru. Na ce ya ajiye salansar a ɗaki mana, ya ce wa Eric ba ya sayarwa.

“Yau zan ce masa a'a,” ya ce. “Wata mai zuwa fa? In ruwa ya sauko a kan gadonmu fa? Na san kaina. Ka ga yadda bakina ya zuba ranan Laraba.”

“To in aka buɗe dajin? Kai ne kullum kake cewa za a buɗe. Da me za ka shiga?”

Ya dafa jikin motar.

“Ni na koya musu tsayawa,” ya ce. “Duk wanda zai shiga dajin nan yanzu, gara su gudu. Ko ni ne.”

Na shiga ƙarƙashin motar na kwance salansar. Duk jikinta ɗinkina ne, tabo a kan tabo, na shekara goma sha tara, kuma na san ranar da na yi kowanne. Ban taɓa jin nauyin yanka ƙarfe ba sai ran nan. Shi ya riƙe mini ita da hannu biyu, tartsatsi na zuba a kan takalminsa, bai matsa ba. Gida shida muka yi mata. Kafin azahar kujerun ma sun sauka, an jingine su a bango.

Eric ya iso ina like guntun bututun. Gaiya ya gaishe shi da ladabi, ya hau, ya murɗa makulli. Ƙarar da ta fito sai da ta kori kajin layinmu kaf, wani jariri ya tsala ihu a gidan da ke kallonmu. Eric ya dubi guntayen da ke ƙasa, ya dubi Gaiya, ya ja dogon tsaki ya hau babur ɗinsa.

Yanzu duk ranar kasuwar Paiko, tun daga babban titi muke jin dawowarsa da lodin doya, Maman Shekinah a gaba ta toshe kunne da gefen ɗankwali. Mutanen layi suna zaginsa, ni ma suna haɗawa da ni, wai wane irin mai walda ne wannan. Layin kujera ɗaya ya bar mini, shi ne bencin rumfata yanzu. Yakan zo ya zauna a kai, kuma abin mamaki yana iya kai awa guda bai miƙe ba.

Makon jiya na gaji da ƙorafin maƙwabta, na ce masa akwai wata salansa ta hannu a wurina, kyauta, ko don jaririn can.

“Bar shi haka,” ya ce. “Su ji ni tun daga nesa.”