Kawu Sule da Samfefarsa

Duk wanda ya san Kawu Sule kafinta na Ƙofar Jatau, ƙanen mahaifiyata, ya san ba ya fita sai da samfefa, takardar nan ta goge katako, a aljihu. Wasu goro suke ɗauka, shi samfefa. Kana cikin gaishe shi hannunsa na bakin teburinka yana laluben kaifi, kafin a kawo masa ruwa ya fara gurza.

Mu 'yan gida mun san dalili. Tun da idon matarsa Inna Rakiya ya fara mutuwa, ya rantse ba wanda zai ja ta da hannu a cikin gidanta. Ita ma mace ce mai zuciya, ta gwammace ta kwana da ƙishi da ta ce a kai ta randa. Shi ke nan ya ɗaura yaƙi da duk wata kusurwa, ta gidansa da ta gidan mutane.

Ni kaina ban tsira ba. Ina sabuwar amarya ya zo ganin ɗaki, na shiga madafi, ina fitowa na tarar ya cinye fentin sabon teburina ta kowane gefe. Na fashe da kuka, shi ko a jikinsa.

"Ke Hadiza, fenti kika aura? Wata rana ƙwaurinki zai gode mini."

A gidansa kuwa ya bi bango da gora mai santsi, daga ƙofar ɗakin Inna har madafi da banɗaki. Kujerarta 'yar tsuguno ya kafe ta da turaku, wai kada ta yi yawo. Randa, turmi, buta, kowa da mazauninsa, wanda ya gusar da ɗaya ya shiga uku. Yayansa, Alhaji guda da gemunsa, ya taɓa kora don ya jingine keke a hanya.

Kuma ba ya yarda da aikinsa sai ya gwada. Sai ya naɗe ido da rawani ya bi tsakar gida yana lalube, mu muna leƙe ta zaure cikinmu kamar ya fashe don dariya. Rannan ya yi karo da akuya, sai ga Kawu zaune cikin daron wanki yana salati. Inna ta jiyo daga ɗaki.

"Malam, bar makanta ga masu ita, ba ka iya ba."

Akuyar dai ba ta kwana a gidan ba.

Da ya rasu gida ya cika da masu gaisuwa. Aka kwashe komai don shimfiɗa tabarmi, aka tumɓuke kujerar, aka shanya mayafai a kan gorar. Ba wanda ya yi da mugunta, wurin zama ake nema. Da la'asar Inna ta fito alwala kamar kullum. Ta kai hannu inda buta take, babu. Ta matsa gaba, ta buga ƙafa da tukunyar maƙwabta. Sai ta tsaya cak a tsakiyar gidan da ta yi shekaru tana yawonta ita kaɗai. Ta daɗe a tsaye, sannan ta miƙo hannu a hankali.

"Hadiza, zo ki ja ni."

Wallahi ko da aka fita da shi ban yi kukan da na yi a lokacin ba.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya share masa hanya yadda ya share mata. Ita kuma Allah Ya ba mu ikon riƙe ta.