Ranar da Kwarin Jurf Ya Kawo Ruwa

Bayan na kammala jami'a a Madina, na yi 'yan watanni ina aikin tafinta a wani kamfani da ke Yanbu, a bakin teku. Garin a ƙasa yake, duwatsu na bayansa, saboda haka akan koya wa ma'aikata abin da za su yi idan guguwa ta taso ko ruwa ya gangaro: wa zai ɗauki wa, ta wace hanya, a ina za a haɗu. Ba zan ce na ga guguwa a can ba, domin ban gani ba. Tsarin kawai na gani, kuma ya kwanta mini a rai.

Da na koma gidan kawuna a unguwar Jurf da ke Madina, sai na lura mu ma a gangaren kwari muke. Kawu kuwa tun da ɓarin jikinsa ya shanye ba ya tashi sai an ɗaga shi. Na tara mutanen gida na yi musu bayani dalla-dalla: idan hadari ya haɗu, 'ya'yansa maza su kai shi mota, mata su biyo baya, mu nufi gidan surukansa da ke kan tudu wajen masallacin Ƙiblatain.

"Malam ya je Yanbu ya karanto ruwa," in ji babban ɗansa. Ƙannensa suka kwashe da dariya.

Matar Kawu, wadda nake kira Gwaggo, ta turo mini kofi. "Mun ji, ya waladi," in ji ta, wato ɗana da Larabci. "To, sha shayinka kafin ya huce."

Abin da ban yi la'akari da shi ba shi ne, mutanen Madina ba sa gudun ruwan kwari, wanda suke kira sail. Kallonsa suke fita yi, kamar biki.

Ranar da aka yi ruwan, bayan la'asar ne, ko da yake Gwaggo har yau tana cewa kafin la'asar ne. Na dawo daga masallaci a jiƙe, na tarar babu mota a ƙofar gida. Maƙwabciya ta shaida mini cewa ruwa na ɗaukewa mutanen gidanmu suka loda tabarmi da dabino da butar shayi suka tafi bakin kwari. Motar da na tanada domin mara lafiya ke nan.

Na shiga na sami Kawu shi kaɗai, rediyo a gefensa, ruwa mai laka ya fara kwararowa ta ƙarƙashin ƙofa har ya taɓa bakin katifarsa.

"Kawu, yaya suka bar ka?"

"Ni na ce su tafi. Na san kai ba ka zuwa irin waɗannan wurare."

Na durƙusa a bakin katifar. Na goya shi, na hau matakala ina haki, ƙafarsa tana bugun bango, har muka kai saman soro. Na jingina shi, na tsaya ina mayar da numfashi.

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya ce, "Ɗana, ka sa ni ina kallon bango. Juya ni wajen kwari."

Na juya shi.